Littafin Jiyya Shi Ne Mai Shaida

A asibitin masu taɓin hankali, wajibi ne ma'aikacin jiyya ya rubuta abin da ya yi wa majinyaci kafin ya tashi aiki. Wani yakan ce, "Ina amfanin takarda, tun da na ba da magani?" To, mai ciwon ƙafa in ya kai kuka akan saurare shi, amma mai taɓin hankali ko ya faɗi gaskiya sai a ce ciwo ne. Ba shi da mai shaida sai littafin nan.

A Ingila, dokar 1983 ta yarda nas ya hana majinyaci fita har awa 6, in akwai haɗari, kafin likita ya iso. Amma ƙidaya tana farawa ne daga lokacin da aka rubuta. Ashe jinkirin alƙalami ƙarin tsarewa ne ga bawan Allah.

In aiki ya yi yawa, shugaban da bai kawo isassun ma'aikata ba yana da rabonsa na laifin makara. Amma wanda ya makara, sa'an nan ya rubuta lokacin ƙarya, alhakin yana wuyansa shi kaɗai, gama ya ci amanar wanda ba ya iya kare kansa.