Kujerar Gaba Da Kujerar Tsakiya: Aljihun Wa Ya Biya?

Duk wanda ya taɓa shiga motar haya ya san gidan gaba ya fi tsada. Haka yake a jirgin sama, sai dai can da labule ake raba fasinjoji. A baya akwai kujerun gama-gari, waɗanda ake kira ikonomi. A gaba akwai na bizines, wato ajin 'yan kasuwa. Tsakaninsu kuma akwai firimiyam ikonomi, wanda za mu kira ajin tsakiya.

Ajin bizines ya fito a ƙarshen shekarun 1970. A shekara ta 2000 kamfanin British Airways ya sa masa kujerar da take miƙewa ta zama gado. Ajin tsakiya ƙane ne: Virgin Atlantic na Ingila da EVA Air na Taiwan ne suka fara shi wajen 1992. Kujerarsa ta fi faɗi, tazarar da ke tsakaninta da ta gaba takan kai santimita 97, ta gama-gari kuwa kamar 79. Amma ba ta zama gado. A doguwar tafiya kuɗin bizines yakan ninka na gama-gari sau uku ko fiye, na tsakiya kuwa bai kai haka ba.

To, su wane ne suke saye? Da yawa daga cikin masu zama a bizines ma'aikata ne na kamfani, ko gwamnati, ko manyan ƙungiyoyi, ofishinsu ne ya biya. Akwai attajirai masu biya da kansu, gaskiya ne. A ajin tsakiya kuwa za ka tarar da dattijon da ya yi ritaya, da dogon mutum wanda gwiwarsa take bugun kujerar gaba, da mai ciwon baya, da miji da mata waɗanda suka daɗe suna tari domin su je ganin jikoki. Akwai kuma ma'aikacin da kamfaninsa ya hana bizines. Yawancin waɗannan sun ƙirga kuɗinsu, sun auna, suka ce iyakar abin da za su iya ke nan.

A nan tambayar take. Neman sauƙi ba laifi ba ne. Likitan da zai kwana a sama, ya sauka ya shiga ɗakin tiyata, barcinsa amfanin marasa lafiya ne. Amma hannun mutum yakan yi sauƙi in kuɗin ba nasa ba ne. Abin da zai yi kwana uku yana tunani kafin ya saya da guminsa, sai ya sa hannu a kansa nan take, domin ba shi zai ji zafin ba.

Wani zai ce ma'aunin mai sauƙi ne: in ba za ka saya da kuɗinka ba, kada ka saya da na jama'a. Ni ma dā haka nake gani. Amma ma'aunin bai cika ba. Ma'aikaci matalauci ba zai iya sayen ko ɗaya da albashinsa ba, ko da aikin yana bukata. Akwai ma'aunin da ya fi wannan: za ka iya tsayawa gaban waɗanda suka ba da kuɗin, ka faɗa musu kujerar da ka zauna, da farashinta, da dalili, ba tare da ka sunkuyar da kai ba? Likitan nan zai iya. Wanda girma kawai yake nema zai yi ta kame-kame.

'Yan'uwa, laifi tudu ne. Yawancinmu ba za mu taɓa leƙa bayan labulen nan ba, amma muna riƙe da amana irin wannan. Ikkilisiya takan aiki ɗayanmu taro da kuɗin baiko, wanda a cikinsa akwai na gwauruwa mai sayar da ƙosai. A tasha sai ya zaɓi gidan gaba, a gari ya nemi masauki mai tsada. In ƙafarsa tana ciwo, ya zauna gaba, ya dawo ya faɗa wa dattawa, ba wanda zai zarge shi. In kuwa ya ga yana so ya ɓoye rasit, to, ya riga ya san amsar.