Me Mai Rawa Yake Bari a Baya?

Manomi in ya gama aikin shekara, ga rumbu nan shaida. Magini in ya sauko daga kan katanga, ga soro a tsaye, ko bayan ransa jikoki su shiga su kwana. Masaƙi yana da zane, maƙeri yana da garma. To, mai rawa fa? Da zarar makaɗa sun ajiye ganga an watse, ba abin da zai rage a fage sai ƙura da sawun ƙafa, su ma kafin gari ya waye iska ta share su. Saboda haka mutane da yawa ba su lissafa rawa cikin sana'o'i. Suna ganin wasa ce kurum, wadda kowa zai iya in kiɗa ya yi masa daɗi.

Amma akwai waɗanda ba su da gona, ba su da kasuwa sai rawa, da ita suke ci, da ita suke sha. Game da su ne nake so mu yi shawara, ni da kai mai karatu. Shin daidai ne mutum ya ba da ƙuruciyarsa duka, da lafiyar jikinsa, ga aikin da yake ɓacewa a daren da aka yi shi? Ba zancen halalci ko haramci nake yi ba, wannan fage ne na malamai. Zancen wahala da sakamakonta nake yi. Kafin mu yanke magana kuwa, ya kamata mu san yawan wahalar tukuna.

Bari mu ɗauki misali daga ƙasashen Turai, inda aka daɗe da mai da wata irin rawa sana'a mai makaranta da albashi. Sunanta bale. A shekarar 1661 Sarkin Faransa, Luwi na 14, wanda shi kansa mai rawa ne, ya kafa majalisar malaman rawa a birnin Faris. A zamaninsa aka tsai da hanyoyi biyar na ajiye ƙafa, waɗanda har yau da su kowane ɗan koyo yake fara karatunsa. A 1738 kuma aka buɗe makarantar rawa a birnin Fitasbag na ƙasar Rasha, tana nan har gobe. Yaro ko yarinya sukan shige ta suna da shekara goma ko kusa da haka, su yi shekara takwas kafin a ce sun sauke. Dalilin ɗaukarsu da ƙuruciya shi ne abin da Hausawa suka faɗa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ana so ƙafafu su buɗe tun daga kwatangwalo, har yatsun dama su dubi dama, na hagu su dubi hagu, jikin babba kuwa ba ya yarda da wannan.

Kowace safiya mai wannan sana'a zai kama wata sanda da aka kafa a jikin bango, ya yi ta durƙusawa yana miƙewa, yana ɗaga ƙafa yana saukewa. Gwanin da ya shekara ashirin yana tara jama'a, da yaron da ya zo jiya, darasin safiyarsu iri ɗaya ne. Matan kuma bisa kan 'yan yatsun ƙafa suke tsayawa, cikin wani takalmi da aka ƙarfafa bakinsa da ƙyalle da takarda da manne. Nauyin jiki duka a nan yake sauka. Farce yakan fita, fata takan sāɓule, wata gwanar ma takan kashe takalmi sabo a wasan dare ɗaya.

Wannan duk shiri ne kawai. Bayansa sai koyon tsarin rawa. Akwai mutum guda, shi ne mai tsara rawa, wanda yake ƙaga kowane taku, ya daidaita shi da kiɗa, ya faɗi inda kowa zai tsaya da inda zai dosa. Yakan nuna da jikinsa, su kuwa su kwaikwaya suna ƙirga bugun kiɗa, yawanci takwas takwas. A yi, a koma, a sake yi, mako da makonni, har ƙafa ta haddace abin ba sai an tambayi kai ba. A cikin wani shahararren wasa mai suna Swan Lake, watau tafkin wasu fararen tsuntsayen ruwa masu dogon wuya, wanda Petipa da Ivanov suka tsara a Fitasbag a 1895, akwai inda mata huɗu suke riƙe hannuwan juna a sarƙe, suna tsalle tare, suna juya kai tare. In ɗaya ta makara da ƙiftawar ido, ta ɓata wa ukun. Akwai kuma inda tauraruwar wasan take juyawa sau 32 bisa ƙafa ɗaya ba hutawa. Kuma tilas ta yi haka fuskarta a sake, kamar ba abin da yake damunta.

Ka ga abin mamaki a nan. Maƙeri ba ya ɓoye guminsa, kowa ya wuce maƙera ya ga wuta ya ji ƙarar guduma. Mai rawa kuwa, cikar gwanintarsa ita ce ya ɓoye wahalarsa. Iyakar ƙwarewarsa, iyakar yadda mai kallo zai ce abin da sauƙi. Watau da hannunsa yake share shaidar da za ta sa a girmama shi.

Ba sai mun je Turai kaɗai za mu ga haka ba. Dubi 'yan hoto da suke jefa garma sama su cafe, ko 'yan Koroso na Kano da suke rawa biyu biyu, suna lanƙwasa jiki kamar ba ƙashi. Wanda ya gan su ranar taro bai ga ranakun da garma ta kuɓuce ba, bai ga targaɗe da faɗuwa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu sai mu saurari mai suka, gama yana da hujja. Zai ce, “Na ji an sha wuya, amma ina ribar? Malami yana tsufa iliminsa yana ƙaruwa, ɗan kasuwa yana tsufa jarinsa yana kauri. Mai rawa kuwa jarinsa jikinsa ne, kullum raguwa yake yi. Sa'ad da tsaransa suke kai ga ƙarfin sana'arsu, shi tasa ta ƙare, ga ciwon gwiwa, ga ciwon baya, ba ya da wani aikin da ya iya.” Wannan magana gaskiya ce, ba wanda zai musa ta. Yawancin masu rawar bale sukan bari kafin su cika shekara arba'in.

Duk da haka ina ganin mai sukan ya yi kuskure wuri biyu. Na farko, ba dawwama ce ma'aunin darajar aiki ba. Uwargida takan yini tana surfe da niƙa da tuƙi, a cinye tuwon kafin ya huce, gobe ta sake. Wa zai ce ba ta yi kome ba don ba a ga tuwon jiya? Abin da ta yi ya shiga jikin waɗanda suka ci. Haka wanda ya zo kallo da zuciya a cunkushe, ya koma gida da ita a sake, ya tafi da wani abu, ko da ba zai iya sa shi a aljihu ba.

Na biyu, ba gaskiya ba ne cewa rawa ba ta barin kome. Wasan nan na 1895, duk waɗanda suka fara yin sa sun daɗe a ƙasa, amma har yau ana taka yawancin takunsa a manyan biranen duniya. An ƙago hanyoyin rubuta rawa a takarda, kamar wadda Rudolf Laban ya fitar a 1928, ga kuma na'urar ɗaukar hoto mai motsi. Amma har yanzu in za a koya wa sababbi tsohon wasa, akan nemo wanda ya taɓa yin sa da jikinsa ya tsaya a kansu, domin takarda ba ta iya gyara wa yarinya kafaɗa. Ashe rumbun mai rawa almajiransa ne.

To, in mun yarda sana'a ce, sai nauyi ya dawo kanmu. Jama'ar da ta ci moriyar ƙuruciyar mutum, ba ta da ikon juya masa baya ranar da gwiwarsa ta gaza, kada a yi cin moriyar ganga a ya da kwaurenta. A babban gidan wasa na Faris, masu rawa suna ajiye aiki da shekara 42 su karɓi fansho. A watan Disamba na 2019, da gwamnati ta so ta sake wannan tsari, sai suka shiga yajin aiki, matan suka fito ƙofar gidan cikin sanyin hunturu da fararen kayansu, suka taka wani yanki na wasan tsuntsayen nan a gaban jama'a kyauta. Da ƙafa suka faɗi ƙararsu. Mu ma ya kamata mu tambayi kanmu, wanda ya burge mu a fage shekara ashirin da suka wuce, yau me yake ci? Liƙin da aka yi masa a goshi ran nan ba ya kai shi tsufa.

Akwai kuma nauyi a kan masu koyarwa. Horo dabam, zalunci dabam. Malamin da ya sa yarinya ta riƙa ƙin abinci don ta rame, ko ya tilasta wa yaro taka rawa bisa ƙafar da ta ji rauni, ya ci amana, kome kyan wasan da ya fito. An ba shi icce ne ya tanƙwara, ba a ce ya karya ba.

Saboda haka, mai karatu, in wata rana ɗanka ko ƙanenka ya zo ya ce wannan hanya yake so, kada ka yi masa dariya, kada kuma ka sake shi haka nan. Tambaye shi abu uku. Zai iya jure maimaita abu ɗaya kowace safiya, ba mai kallo ba mai tafi? Wane ne malaminsa, yaya kuma yake riƙon yaran mutane? Wace sana'a ta biyu zai koya tun yanzu, domin ranar da jiki zai ce ya isa? In ya amsa ukun nan da hankali, to, ya san abin da zai saya, ya kuma san kuɗinsa.