Lamiri Ba Ya Sauya Sheƙa

Duk wanda yake zaune a ƙasar Karaye da Rogo ya ga yadda siyasa take juyawa kamar iskar bazara. Mulkin Jihar Kano ya shiga hannun PDP a 1999, ANPP a 2003, PDP kuma a 2011, APC a 2015, sa'an nan NNPP a 2023. Masarautar Karaye ma ba ta tsira ba: an ɗaga ta a 2019, aka rushe ta a watan Mayun 2024, aka maido ta da daraja ta biyu a watan Yuli. Manya sukan sauya sheƙa, gobe su ci tuwo a akushi ɗaya. Mu kuwa a ƙauye a bar mu da gaba, har wa da ƙane su fito daga coci ba su gaisa ba.

Tambayar da ke gabanmu ita ce: in jam'iyya ta sauya, gaskiya ma takan sauya?

Manomi yakan dawo daga gona ya kunna rediyo, sai sojojin baka su cika masa kunne. Wanda suka zaga bara, shi suke yabo bana, gama mai biyansu ya koma can. Haɗarin ya wuce ƙaryar da ake faɗa. Sannu a hankali mukan daina tambayar ko abu daidai ne, mu koma tambayar ko namu ne ya faɗa.

Batun zubar da ciki ya nuna inda wannan hanya take kaiwa. A Amurka, kotun ƙoli ta halatta shi a 1973, ta janye hukuncin a 2022, ta bar wa jihohi. A tsakanin nan ran jariri ya zama tutar jam'iyya, har akan gane ƙuri'ar mutum daga ra'ayinsa a kai. Koyarwar Ikilisiya kuwa ba ta jiran zaɓe. A wasiƙarsa ta 1995, Evangelium Vitae, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya jaddada cewa ran mutum mai tsarki ne tun daga ɗaukar cikinsa har mutuwarsa.

A nan Arewa, dokar ƙasa ta hana zubar da ciki sai don ceton ran uwa, maƙwabtanmu Musulmi ma ba sa wasa da shi. Saboda haka la'antarsa a kan dandamali ba ta da tsada, kowane ɗan takara zai iya. Abin da ke da tsada shi ne ungozoma a asibitin ƙauye, da hanyar da mota za ta bi da mai naƙuda cikin damina. Wannan za mu tambayi mai neman ƙuri'armu, ko wace hula ya sa.

Mu ma akwai tambaya a kanmu. Yarinyar da ta yi ciki ba aure, in mun kore ta daga gida don gudun kunya, mu ne muka nuna mata ƙofar mai zubarwa. Zumuntar mata da dattawan Ikilisiya su riga kowa isa gare ta.

Mu yi zaɓe, gama hakkinmu ne. Amma lamiri amanar Allah ne, ba a kai shi kasuwar Rogo a yi cinikinsa. Ubangiji ya ba mu kunnen da ke rarrabe murya da gaskiya. Amin.