Wanda Zai Sha a Bayanka

Ka san irin idon ruwan nan da ke fitowa a gindin dutse, kusa da hanyar mota, a ƙasar Adar. Ba wanda ya gina shi, ba wanda ya biya ko dala dominsa. Da asuba mata su zo da tuluna, yara su koro jaki da jarkoki, direban babbar mota ya tsaya ya cika gorarsa. Kai ma ka je ka ɗebo. To, ga tambaya: sa'ad da tulunka ya cika, ka gama ke nan, ko kuwa da sauran hakki a kanka a wurin?

Rijiyar gida tana da mai ita. In ka zura ƙazamin guga, za a yi maka magana. Fanfo yana da makulli da mai tsaro. Amma idon ruwa na bakin hanya, mutane sukan ce, "Ai na Allah ne, ba na kowa ba." Da wannan magana wani yakan shiga da takalminsa, wani ya wanke tsummokin jinjiri a bakin gurbin, wani ya kewaya bayan dutsen da ruwan ke fitowa ya tsuguna. Ba mugaye ba ne. Ba su ga fuskar wanda zai sha a bayansu ba, shi ke nan.

Bari in faɗa maka nawa laifi. Ina yaro kurkunu ya fito mini a idon sawu. Wanda bai yi shi ba, bai san zafinsa ba. Sai ka ce an ɗora maka garwashi. Nakan rarrafa in je inda ruwan ke kwanciya, in tsoma ƙafa, in ji sanyi. Daga baya malaminmu na makarantar mishan ya bayyana mana abin da nake yi. In ƙafar ta taɓa ruwa, tsutsar takan zubar da 'ya'yanta dubbai. Waɗansu ƙananan ƙwarin ruwa su haɗiye su. Wanda ya sha ruwan da ƙwarin ba zai ji kome ba sai bayan kamar shekara guda, sa'an nan tsutsa mai tsawon kusan mita ta huda fatarsa, yawanci da damina, daidai lokacin da gona take bukatarsa. Tun ran nan nake tunani: gonar wa ta kwana cikin ciyawa saboda sanyin da ƙafata ta ji? Ban san sunansa ba, shi ma bai san nawa ba.

Na yi laifi ne, ko ban yi ba? Wani zai ce yaro ne, bai sani ba. Na yarda rashin sani yana rage nauyi. Amma bai rage wa mutumin nan zafi ba, bai kuwa ƙara masa damin hatsi ba. A ganina cuta cuta ce, ko da wanda aka cuta ba zai taɓa kai ƙara wurin sarki ba. Littafin Ezekiyel, sura 34, ya tsauta wa tumakin da suka sha garau, suka dama sauran da ƙafafunsu.

Ka lura da yadda kurkunu ya ƙare a Nijar. Ba shi da allura, ba shi da ƙwaya. A 1986 an ƙiyasta mutum miliyan 3 da rabi ne ke kamuwa da shi a shekara, a Afirka da Asiya. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar babu shi a Nijar. Da me? Mata suka riƙa tace ruwa da ƙyalle, aka gina rijiyoyi, masu ciwo kuma suka daure wa zafi, suka hana ƙafarsu ruwan jama'a. Daurewar ba ta warkar da su ba. Na bayansu ta tsirar.

Kada ka ce magana ta wuce. A 2018 amai da gudawa ya ɓarke a Madarunfa, ya bazu, aka yi rashi. Shi ta bayan gida yake bi ya shiga ruwa, ruwan kuwa yana iya zama fari tas. Ido ba ya ganinsa. Saboda haka ka tafasa na sha, ko ka sa masa magani, ko da daga dutse ya fito.

Na ji masu ɗora wa makiyaya dukan laifi. Ban yarda ba. Saniya ma ƙishi take ji, kakanninsu kuwa suna shayarwa a nan tun ba a yi hanyar ba. Abin da ya kamata, a ja 'yar magudana zuwa gangare, a yi wa dabbobi kwami a can, wanki ma a can, a kewaye idon da duwatsu da ƙaya. Aikin yini biyu ne ga samari goma. Ba wanda zai biya su, direban da zai sha gobe kuwa ba zai san an yi ba. Bayan taron ran Lahadi, ka tambayi dattawanku wa yake da diga, wa yake da amalanke.