SHIN YARO ZAI IYA JAN RAGAMA? DARASI DAGA MUSUN 'YAN KALLON ƘWALLO

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan uwa, duk wanda ya san majalisun matasa a Jibiya, tun daga cikin gari har Magama bakin boda, ya san akwai wani musu da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Da an tashi daga gidan kallo an kashe janareto, sai a koma teburin mai shayi a ɗora daga inda aka tsaya. Musun kuwa a kan yaron nan ne na Barcelona, Lamine Yamal: zai iya ɗaukar nauyin ƙungiyar, ko an yi masa gaggawa? Har direbobin da ke shigowa daga Ɗan Isa da Maraɗi suna tsoma baki, don ƙwallo ba ruwanta da boda.

Wani zai ce, to mene ne abin rubutu a nan? Abin rubutun shi ne tambayar da ke ƙarƙashin musun. Tambaya ce da take cikin gidajenmu da shagunanmu da masallatanmu: yaushe ake miƙa wa matashi ragama, kuma da wane ma'auni?

Mu fara jin ɓangarorin biyu da adalci.

Masu goyon bayan yaron suna da hujja. An haife shi ranar 13 ga Yuli, 2007. Ya fara buga wa babbar ƙungiyar Barcelona wasa a Afrilun 2023 yana da shekara 15. A gasar ƙasashen Turai ta 2024 ya jefa ƙwallo a ragar Faransa a wasan kusa da na ƙarshe yana ɗan shekara 16, sannan Sifaniya ta doke Ingila da ci 2 da 1 ta ɗauki kofi kwana ɗaya bayan ya cika 17. A Yulin 2025 aka ba shi riga mai lamba 10, rigar da Messi ya daɗe yana sakawa. Sai su ce maka, "Haba malam, wanda ya yi wannan duka, me kuma ya rage a gwada shi da shi?"

Masu adawa su ma ba da ka suke magana ba. Suna tuna maka cewa wannan rigar dai an taɓa ɗora ta a kan wani yaron, Ansu Fati, a 2021 bayan tafiyar Messi, shi ma yana da shekara 18. Rauni ya yi ta bin sa, har aka kai shi aro Brighton ta Ingila a 2023. Sai su rufe da karin maganar nan: abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

To, inda matsalar take shi ne kowane ɓangare ya haɗa abu biyu ya mai da su ɗaya. Na farko sun haɗa gwaninta da jagoranci. Na biyu sun haɗa shekaru da hankali.

Gwaninta ita ce abin da kake iya yi da ƙafarka ko hannunka ko harshenka. Jagoranci kuwa shi ne abin da mutanen da ke tare da kai suke iya yi saboda kana nan. Gwani yana yanke 'yan baya uku ya jefa ƙwallo. Jagora shi ne wanda idan an zura musu biyu a minti ashirin na farko, 'yan kallo sun fara ihu, mai tsaron gida ya sunkuyar da kai, zai tattaro mutum goma ya dawo musu da zuciya. Bahaushe ya ce ba a gane maci tuwo sai miya ta ƙare. Ranar nasara kowa jarumi ne.

Dubi Messin da ake auna yaron da shi. Ya karɓi kyautar gwarzon duniya tun 2009, amma bai zama babban kyaftin ɗin Barcelona ba sai 2018, bayan tafiyar Iniesta, yana da shekara 31. A Ajantina kuwa, da kambu a hannunsa ya sha kashi a wasan ƙarshe na kofin duniya a 2014, ya sake shan kashi a wasan ƙarshe na gasar Kudancin Amurka a 2015 da 2016, har ya ce ya daina buga wa ƙasarsa. Sai a 2021 da 2022 ya ɗaga kofunan da ake ta yi masa gori a kansu. Ka ga gwaninta ta riga jagoranci zuwa da shekaru masu yawa.

Mu dawo gida. Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010 a Kano Pillars, ya fi kowa cin ƙwallo a gasar Najeriya tun bai kai shekara 18 ba. A 2014 ya jefa biyu a ragar Ajantina a kofin duniya, a 2018 ya sake jefa biyu a ragar Iceland. Amma kambun Super Eagles bai tabbata a hannunsa ba sai 2019, bayan Mikel Obi ya yi ritaya daga buga wa ƙasa. Kusan shekara goma ke nan yana zaune ƙarƙashin manya yana koyo.

Wannan zai faranta ran masu cewa a jira. Amma kar su yi saurin tafi. A kakar 2018/2019 Matthijs de Ligt ne ke riƙe da kambun Ajax ta ƙasar Holan yana ɗan shekara 19. Da shi a gaba suka fitar da Real Madrid da Juventus daga gasar Zakarun Turai, suka kai wasan kusa da na ƙarshe, suka kuma ɗauki kofin gasar ƙasarsu. Kuma kowa a cikinmu ya san mai furfurar da idan ka ba shi ajiyar dubu biyar sai ka yi ta sintiri kafin ka ga kuɗinka. Shekaru suna kawo gogewa idan mutum yana ɗaukar darasi. Idan ba ya ɗauka, tsufa kawai suke kawowa.

Ashe ke nan tambayar "shekarunsa nawa?" ba ta wadatar ba. To mece ce tambayar da ta dace?

A nan tarihinmu yana da misalin da ya fi na filin wasa nauyi nesa ba kusa ba. A shekara ta 11 bayan Hijira, daf da wafatinsa, Manzon Allah (SAW) ya naɗa Usama ɗan Zaidu (RA) shugaban rundunar da za ta nufi iyakar Sham, yankin da mahaifinsa ya yi shahada a yaƙin Mu'uta a shekara ta 8. Usama matashi ne da bai wuce shekara 20 ba, a cikin rundunar kuwa akwai manyan Muhajirai da Ansaru. Wasu suka yi magana a kan naɗin. Annabi (SAW) ya kare shi, ya tuna musu cewa haka aka soki shugabancin mahaifinsa a baya alhali ya cancanta.

Bayan wafati, lokacin da ƙabilu suka fara ridda Madina take cikin tsoro, aka sake kawo wa Sayyidina Abubakar (RA) shawarar a sauya Usama da wanda ya fi shi shekaru. Ya ƙi. Ya fito rakiyar rundunar yana tafiya a ƙasa, Usama yana kan abin hawa. Da yake buƙatar Sayyidina Umar (RA) ya zauna tare da shi a Madina, sai da ya nemi izinin Usama. Halifa guda yana neman izinin matashi! Rundunar ta tafi, ta dawo da nasara.

Yanzu ajiye wannan kusa da labarin Abu Zarrin (RA), babban sahabi, mai gaskiya, mai gudun duniya. Ya nemi a ba shi muƙami, Annabi (SAW) ya nuna masa cewa yana da rauni a wannan fannin, shi kuma muƙami amana ne da zai zama nadama ranar ƙiyama ga wanda bai sauke haƙƙinsa ba. An ba matashi, an hana babba. Da shekaru ne ma'auni, da akasin haka aka yi. Ma'aunin shi ne ƙarfin iya aikin da riƙon amana, siffofi biyun nan da 'yar dattijon Madyana ta yabi Annabi Musa (AS) da su lokacin da ta ba mahaifinta shawarar ya ɗauke shi aiki.

Sai dai akwai wata magana mai nauyi da dattawa ke yi, kuma bai kamata a share ta ba. Suna cewa: kuskuren shugaba a kan wasu yake faɗawa. Idan yaro ya ɓarar da fenareti, kofi ne ya tafi. Idan ya ɓarar da jarin gida, abincin iyali ne ya tafi. Don me za mu yi gwaji da abin da idan ya zube ba ya kwasuwa?

Gaskiya ne. Amma amsar tana cikin yadda Shari'a ta koyar game da dukiyar maraya: a riƙa jarraba shi tun kafin lokaci, idan ya balaga aka kuma ga alamar shiriya da iya tattali, a miƙa masa dukiyarsa. Ba a ce a damƙa masa komai rana ɗaya ba, ba a kuma ce a riƙe har ya yi furfura ba. Gwaji ne kaɗan-kaɗan, da abin da ko ya zube ba zai kashe gida ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

A nan ne nake son mu kalli kanmu, mu mutanen bakin iyaka. An rufe bodar nan a Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. Aka sake rufewa a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, sai a Maris 2024 Najeriya ta ba da umarnin buɗewa. Ga matsalar tsaro da ta raba mutane da yawa da gonakinsu. A waɗannan shekarun, su wa suka riƙe gidaje da dama? Yaran nan ne masu acaɓa da dako da lodi da canjin naira da sefa. Akwai ɗan shekara 19 da ke ciyar da mahaifiya da ƙanne. Amma idan aka zo zaman shawara a gida ko a unguwa, sai a ce masa, "Kai yaro ne, tashi ka ba mutane wuri." Mun yarda ya ɗauki kaya, ba mu yarda ya faɗi ra'ayi ba. Wannan ba adalci ba ne.

Alhaji, kai da ke da shago shekara talatin, ɗanka bai taɓa riƙe makulli ba, bai san wa kake bi bashi ba, bai san wa ke bin ka ba. Ranar da ta Allah ta kasance, shago zai faɗo masa a ka gaba ɗaya, mutane su ce yaran zamani ba sa iya riƙe dukiya. Laifin wa? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ba shi sayayyar mako guda, ka duba lissafi. Ya yi kuskure, gyara masa a ɗaki, kar ka tozarta shi a gaban yaran shago. Darasin Sayyidina Abubakar ke nan: matashi yana tsayuwa ne idan manya suka tsaya a bayansa a bainar jama'a. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kai kuma matashi, kar ka ɗauki wannan rubutun ka kai wa baba ka ce ga hujja. Usama bai roƙi muƙami ba, naɗa shi aka yi. Kuma da Halifa yake rakiyarsa a ƙasa, shi ne ya nemi ko dai Halifa ya hau ko shi ya sauka, saboda kunya da ladabi. A 2018 an sa hannu a dokar da ta rage shekarun tsayawa takara a Najeriya, shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, ɗan majalisar wakilai da na jiha daga 30 zuwa 25. Doka ta buɗe ƙofa, amma doka ba ta raba hankali. Tambayi kanka abu huɗu. Idan aka yi asara, kana ɗaukar laifi ko kana neman wanda za ka jingina wa? Idan aka yabe ka, kana tuna waɗanda suka taimaka maka? Kana iya jin gyara ba ka kumbura ba? Abin da aka ba ka ajiya yana dawowa cif-cif? Wanda bai iya tashi sallar asuba da kansa ba sai an buga masa ƙofa, ya fara jan ragamar kansa tukuna.

Sai kalma ɗaya ga 'yan majalisa. Wallahi abin takaici ne ka ji mutum yana rantsuwa da Allah cewa yaro kaza ba zai taɓa zama komai ba, ko wani yana rantsuwa cewa ya fi kowa har abada. Gobe ta Allah ce. Ba ka san rauni ba, ba ka san ajali ba, ba ka san abin da yabo zai yi wa zuciyar ɗan shekara 18 ba. Faɗi abin da ka gani ka yi shiru a kan abin da ba ka gani ba. Kuma musun da zai kai ga zagin iyaye, ko gaba tsakanin maƙwabta, ko zuba kuɗi a caca don a nuna wa ya fi sani, ya tashi daga nishaɗi ya koma asara. Shi yaron da kuke faɗa a kansa bai san akwai ku ba.

Idan aka tambaye ni, Yamal zai iya jan Barcelona? Amsata ita ce: gwanintarsa ta bayyana, ba mai musun wannan. Jagorancinsa kuwa za a san shi ne a shekarun wahala, kuma rabin amsar yana hannun koci da manyan 'yan wasan da ke kewaye da shi. Haka yake ga ɗanka da ƙanenka da ɗalibinka. Kar ka hana shi don ƙuruciya, kar ka ɗora masa don burgewa. Gwada shi da kaɗan, tsaya a bayansa, ƙara masa idan ya riƙe.

Allah Ya shirya mana matasanmu, Ya ba dattawanmu haƙuri da hangen nesa, Ya zaunar da Jibiya da Katsina da Maraɗi da sauran garuruwan Musulmi lafiya. Wallahu a'alam.