Darasi: Soja da Mai Ba da Rance da Ruwa

Karatu: Nehemiya 5:1-13, Kubawar Shari'a 24:6, 10-13, Misalai 6:1-5.

Sa'ad da Nehemiya ya ke gina ganuwar Urushalima, wajen shekara 445 kafin haihuwar Almasihu, mutanensa suna zaman mayaƙa ne. Sura ta 4 ta nuna mana magini da takobi a ɗamararsa, da mai ɗaukar kaya da makami a hannu ɗaya, gama Sanballat da Tobiya suna waje suna neman hanyar da za su faɗa musu. Duk da haka, abin da ya kusa tsai da aikin daga cikin birni ya fito. Talakawa da matansu suka tā da kuka. Waɗansu sun jinginar da gonakinsu da gidajensu domin su sami hatsi cikin yunwa, waɗansu sun ranci kuɗi su biya harajin sarkin Farisa, waɗansu kuma 'ya'yansu mata sun rigaya sun shiga bauta. Masu binsu bashin kuwa 'yan'uwansu ne Yahudawa.

Ya ɗan'uwa soja, ko kana barikin Ikeja ko na Ojo a Ikko, ko Odogbo a Badun, ko Abakpa a Inugu, ka san wannan kuka. Albashinka tabbatacce ne, kowa ya san ranar fitarsa, ka kuwa fi tsoron a kai ƙararka wurin hafsa da tsoron harsashi. Waɗannan abubuwa uku su ne suka sa mai cin riba ya ke son soja. Ba a ƙasarmu kaɗai ba. A Amurka, masu rancen ƙarshen wata sun yi ta buɗe kantunansu a bakin barikoki, har a 2006 majalisar ƙasar ta kafa doka, ta hana a ɗora wa soja ruwan da ya wuce kashi 36 cikin 100 a shekara. Sun lura mutumin da bashi ya cinye hankalinsa ba ya iya tsaro.

Bari mu yi lissafi. A ce ka ranci naira 50,000, ruwanta kashi 20 cikin 100 kowane wata. Kana biyan naira 10,000 a wata. Shekara ta kewayo ka biya naira 120,000, uwar kuɗin kuma tana nan, ba ta ragu da ko kwabo ba. Da yawa ba su taɓa zama sun yi wannan lissafi ba, mai rancen kuwa ba ya son su yi.

Ta ƙaƙa za ka gane shi? Shari'ar Musa ta ba mu ma'auni. An hana a karɓi dutsen niƙa jingina, ko da ɗan bisansa ne, gama da shi gida ya ke cin abinci, wanda ya karɓe shi ran mutum ya karɓa. An hana mai bin bashi shiga ɗakin wanda ya ke bi domin ya ɗauko jingina. Sai ya tsaya a waje. Mayafin matalauci kuma, sai a mayar masa kafin rana ta fāɗi. Dutsen niƙan soja a yau shi ne katin bankin da albashinsa ke shiga. Wanda ya ce ka bar masa katin da lambar sirrinsa, ko katin shaidarka na soja, ya bayyana ko shi wane ne. Haka kuma wanda ba ya ba da takarda, ba ya rubuta abin da ka biya, ba ya nuna lasin na gwamnatin jiha, in ka tambaye shi sauran nawa sai ya ce kada ka damu, ai mu 'yan'uwa ne. Sau da yawa ba baƙo ba ne. Yana da rumfa a kasuwar mami, ko kuwa yana sanye da kaki irin naka.

Akwai kuma wanda ba shi da fuska, yana zaune cikin wayar hannu. Manhajar rance takan ba da kuɗi cikin ƙiftawar ido, na kwana bakwai, ta zare ladanta tun kafin kuɗin su iso, ta kuma kwashe sunayen dukan mutanen da ke cikin wayarka. Ran da ka makara, sai matarka da fastonka da Samanja su sami saƙo cewa kai ɓarawo ne. Wannan shi ne shiga ɗaki da Musa ya hana. Hukumar NITDA ta ci tarar kamfanin Soko Lending naira miliyan 10 a 2021 saboda keta sirrin mutane. A watan Maris na 2022 hukumar FCCPC, mai kāre haƙƙin masu saye, ta kai samame ofisoshin waɗansu masu irin wannan rance a Ikko, cikin shekaran nan kuma ta wajabta musu yin rajista, tana fitar da sunayen waɗanda ta yarda da su. Ka duba sunan kafin ka taɓa kuɗin.

Mai hikima ya ƙara gargaɗi game da tsayawa lamuni. A bariki wannan tarko ne babba, domin da wuya ka ƙi wanda kuka kwana cikin rami ɗaya da shi. Amma in aka yi masa canji zuwa wata bataliya, kai za a bi.

To, wanda ya rigaya ya shiga fa? Misalai 6 ba ta ce ya zauna yana baƙin ciki ba. Ta umurce shi ya ƙasƙantar da kansa, ya hana idonsa barci, ya kuɓuta kamar barewa daga hannun maharbi. Ƙasƙantar da kai shi ne abu mai wuya ga soja, nan ne kuwa ƙarfin mai cin riba ya ke. Yana rayuwa ne da kunyarka. Ka lura da abin da Nehemiya ya yi: ya kira babban taro, ya faɗi maganar a fili, ya sa manya suka yi rantsuwa a gaban firistoci za su mayar da gonaki da gidaje. Abin da ya daɗe yana cin mutane a ɓoye ya ƙare ran da aka faɗe shi a gaban jama'a. Gwauruwar nan ta 2 Sarakuna 4, wadda mai bashi ya zo ɗaukar 'ya'yanta biyu, ita ma da ta yi shiru da ba ta sami taimakon Elisha ba.

Saboda haka ka fara da matarka, sa'an nan faston bariki, ku tafi tare wurin hafsan da ke bisanka. Gara ya ji daga bakinka da ya ji daga bakin mai rance. Ka je banki a rufe katin da ke hannunsa, a ba ka sabo. Ka rubuta abin da ka karɓa da dukan abin da ka biya, ka ajiye saƙonnin barazana, ka kai su wurin 'yan sandan soja ko FCCPC. In yana tsoratar da kai da kamu, ka sani Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana a kama mutum saboda karya alkawarin ciniki kaɗai. Kada ka ci sabon bashi domin ka biya tsohon, gama wannan haƙa rami ne a cike rami. Adashi na amintattu da ƙungiyar gama kai ta wurin aiki sun fi.

Abin da ka ranta da gaske, sai ka biya; Zabura 37:21 ta lissafta mai ƙin biya cikin miyagu, Elisha ma ya ce wa gwauruwar ta fara biyan bashinta kafin ta ci ragowar. Kada kuma ka ɗebi abokai da kaki ku je ku yi wa mai rancen dūka. Yohanna Mai Baftisma ya hana sojoji ƙwace da tsoratarwa, ya ce su gamsu da albashinsu (Luka 3:14). Kai kuma Saje ko Kofur da ke riƙe da katin kurtu a aljihunka, kana zuwa sujada ran Lahadi, aya ta 11 ta Nehemiya 5 da kai ta ke, ta kuma ce yau.

Tambayoyi: Don me Nehemiya ya kira taro maimakon ya yi magana da manya a ɓoye kaɗai? In ɗan'uwa a majami'arku ya faɗi bashinsa a wannan mako, wa zai raka shi wurin hafsa?