Wushirya da Ma'aunin Edward Angle

Edward Angle, likitan haƙori da aka haifa a Amurka a 1855 ya kuma rasu a 1930, shi ne ya mai da daidaita haƙora fanni mai zaman kansa, wato jan karkatattun haƙora sannu a hankali da siririyar waya har su zauna a jere. A 1899 ya kasa rashin haɗuwar haƙoran sama da na ƙasa gida uku, gwargwadon zaman haƙorin tauna na farko na sama a kan abokinsa na ƙasa, kuma a 1900 ya buɗe makarantar wannan fanni a birnin St. Louis. Ya ƙi yarda a cire lafiyayyen haƙori don samun fili, domin a ganinsa aikin likita shi ne mayar da baki ga cikakken tsarin da aka halicce shi a kai, ko da yake almajirinsa Charles Tweed ya koma ga cirewar bayan ya ga haƙoran da ya jera suna sake karkacewa.

Tambayar da aikinsa ke jefa wa mai karatun fiƙihu a Filinge da sauran ƙasar Kurfai ita ce ko wannan gyara canza halittar Allah ne. Hadisin Ibn Mas'ud, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, ya la'anci masu goge haƙora don ƙirƙirar wushirya saboda ado, amma kuma Annabi (SAW) ya umarci Arfaja ibn As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi, ya sa na zinariya bayan na azurfa ya yi ɗoyi. Daga nan malamai suka bambanta kawar da aibi, wanda ya halatta, da neman ƙarin kyau ta hanyar sauya halitta.

Wahalar tana wajen tantance aibin, domin Angle ya auna kyan fuska da gunkin Apollo na Girkawa, kuma a ma'auninsa wushirya tawaya ce da ake rufewa, alhali Bahaushe yana lissafa ta cikin abin da ake yabon budurwa da shi. Ma'aunin da ya fi tsayuwa shi ne cutarwa: yaron da haƙoransa suka hana shi tauna tuwo, ko furta haruffa daidai a gaban malamin allo, ko rufe leɓɓansa, magani yake nema, kuma hakkinsa ne a kai shi Yamai idan da hali. Mai wushiryar da aka haife ta da ita kuwa ba ta da abin da likita zai warkar.